Yaye A Hankali: Yadda Ake Rage Wa Yaro Nono Ba Tare Da Ya Rame Ba



Akwai wani abu da kusan kowa a unguwanninmu ya taɓa gani. Yaro yana goye, kumatu sun cika, yana rarrafe yana dariya, sai a ce an yaye shi. Bayan wata ɗaya ko biyu ka sake ganinsa, wuya ya yi tsawo, gashi ya yi ja ya yi laushi, ciki ya fito, ga zawo ba ya tsayawa. Sai ka ji ana cewa haƙori ne, ko baki ne, ko kuma ruwan kurmi ne bai karɓe shi ba. A mafi yawan lokuta dalilin ya fi haka sauƙin ganewa. An ɗauke masa nono rana ɗaya, alhali abincin da zai tsaya a madadin nonon bai riga ya samu gindin zama a cikinsa ba. Maganar da nake so mu yi ke nan yau: nono yana raguwa ne daidai yadda abinci yake ƙaruwa, kuma aikin na watanni ne.

Abin da addini da likitoci suka haɗu a kai

A nan babu saɓani tsakanin malamai da ma'aikatan lafiya. A Suratul Baƙara aya ta 233 an ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, kuma ayar ta nuna idan za a yaye kafin haka, to ya zama da yardar uwa da uba bayan sun yi shawara. Suratu Luƙman aya ta 14 ma ta ambaci yaye a cikin shekara biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF kuwa sun ce a ba jariri nono zalla wata 6 na farko, ko ruwa ba ya buƙata, domin fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne. Daga wata 6 a fara ba shi abinci, a ci gaba da nono har shekara 2 ko fiye.

To me ya sa sai shekara biyu? Saboda daga wata 6 zuwa wata 12, nono yana iya ba yaro rabin ƙarfin da jikinsa yake buƙata ko ma fiye. Daga shekara 1 zuwa 2 kuma yana ba shi kusan kashi ɗaya cikin uku. Ga kariya daga zawo da ciwon haƙarƙari da yake ɗauke da ita, wadda babu gwangwanin da ke da irinta. Ka ga ke nan wanda ya cire wa yaro ɗan wata 14 nono a dare ɗaya, kamar ya zaftare masa kashi ɗaya cikin uku na abincinsa ne, kuma ya ɗauke masa garkuwa a lokaci guda.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jarirai 'yan ƙasa da wata 6 suke samun nono zalla, sannan kashi 37 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. Yawancin wannan tsumburewa tana samun yaro ne kafin ya cika shekara 2, kuma da wuya a gyara ta daga baya. Mu da muka tashi a kara mun san wannan a jikin dabba. Maraƙin da ya sha wuya yana ƙarami, ko ya shekara nawa ana zuba masa dusa, dillali yana kallon ƙirarsa zai gane. Ɗan Adam ya fi dabba daraja nesa ba kusa ba, kuma shi abin ba a jiki kaɗai yake tsayawa ba, har ƙwaƙwalwa da karatu yana taɓawa.

Yayen dare ɗaya, da tura yaro gida

Yadda muka gada, idan lokacin yaye ya yi sai a kai yaro gidan kakarsa ya yi kwanaki, ko a shafa wa nono maɗaci ko wani abu mai ɗaci don ya ƙi shi. A can gida kaka tana unguwa ɗaya ko ƙauye na kusa, yaron ya santa, ya saba da ruwan garin da tuwon gidan. Duk da haka ma yara suna jin jiki.

Mu a nan lamarin ya sha bamban. Kakar tana Kano ko Sakkwato ko Azare ko Maraɗi. Daga Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne a mota. Yaron da aka ɗora wa wannan tafiya a hannun goggo ko inna, a rana ɗaya ya rasa nono, ya rasa uwarsa, ya canza ruwan sha, ya canza abinci, ya canza yanayi, ya faɗa hannun mutanen da wataƙila sau ɗaya ya taɓa ganinsu. Yaro irin wannan yakan ƙi cin abinci kwana da kwanaki saboda ƙyuya da kuka. Idan zawo ya shigo a wannan tsakanin, babu nonon da zai riƙe shi. Sannan katin rigakafinsa sau da yawa yana nan kudu a ƙasan akwati, allurar ƙyanda ta biyu da ake yi a wata 15 ta wuce ba wanda ya tuna.

Ba ina cewa kada yaro ya je wurin kakanninsa ba ne. Zumunci ne, kuma yana da kyau ya san gida. Amma a bari sai ya gama sabawa da abinci, an gama yayen a gaban uwarsa, jikinsa ya tsaya, sannan a yi tafiyar, a kuma haɗa shi da katinsa.

Daga wata 6: nono ne gaba, abinci na biye

Idan yaro ya cika wata 6, za ki ga ya fara zama ko da an tallafe shi, wuyansa ya tsaya, yana bin loma da ido, yana kai hannu kwano. Lokacin fara abinci ya yi. A wannan matakin ba a rage nono da gangan. Ki ba shi nono duk sanda ya nema, abincin ƙari ne a kai.

Daga wata 6 zuwa 8, abinci sau 2 zuwa 3 a rana. A fara da cokali 2 ko 3, a riƙa ƙarawa har ya kai rabin kofi. Kofin da ake nufi shi ne mai cin rabin ledar fiya wata. Abincin ya zama mai laushi, an dama ko an murƙushe shi sosai.

Daga wata 9 zuwa 11, sau 3 zuwa 4 a rana, rabin kofi kowane ci, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2 a tsakani, kamar ayaba ko gwanda ko dafaffen dankali. A nan zai iya ɗaukar abu da yatsunsa ya kai baki, a bar shi ya yi, ko da zai ɓata riga.

Daga wata 12 zuwa 23, sau 3 zuwa 4, kusan cikin kofi, kuma abincin gida ne wanda kowa yake ci, a yayyanka masa ko a murƙushe. Daga nan ne tsarin yake juyawa: a fara ba shi abinci, idan ya ci sannan nono ya biyo baya. Yaron da ya wuce shekara amma kullum sai ya cika ciki da nono kafin a kawo kwano, ba zai ci abin kirki ba, kuma shi ne yake shan wahala ranar yaye.

Yaro ya kasance da kwanonsa shi kaɗai. Idan aka haɗa shi da yayyensa a tire ɗaya, kafin ya kai loma biyu sun share, uwa kuma tana ganin ai ya ci.

Koko tsararo ba ya riƙe yaro

Nan ne babbar matsalar take. Abin da ya fi sauƙin samu a kudu shi ne ƙullun koko, wanda Yarabawa ke kira ogi, Inyamurai ke kira akamu. Kowace kwana akwai mai sayarwa, da kuɗi kaɗan a dama. Amma ki duba yadda ake yin sa: an jiƙa masara, an niƙa, an tace, an zubar da dusar, sannan aka dama da ruwa mai yawa don ya bi ta fida. Abin da ya rage gari ne kaɗan cikin ruwa. Cikin yaro ɗan wata 8 kuwa bai fi ya ɗauki abin da bai kai rabin ledar fiya wata ba. Idan aka cika wannan ɗan wurin da ruwa-ruwa, ya ƙoshi a ido, amma jiki bai samu komai ba.

Gwajin mai sauƙi ne. Ki ɗebo kunun a cokali ki karkata shi. Idan ya zube kamar ruwa, ya yi tsararo. Wanda ake so shi ne mai kaurin da zai tsaya a cokali ya sauka a hankali. A ba shi da cokali ko kofi. Fida tana da wuyar wankewa, a zafin kudu da danshinta kuwa nan da nan take ɗaukar ƙwayoyin cuta.

Bayan kauri sai haɗi. Kowane kwano a yi ƙoƙari ya samu wani abu bayan hatsi. Ga abubuwan da suke kusa da mu kuma ba su fi ƙarfin talaka ba: garin gyaɗa ko tunkuza mai laushi, garin waken soya da aka soya, dafaffen ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya tsaf, busasshen jatan lande da aka daka ya yi laushi, alala, wake da ya dahu ya yi luguf, da ɗan cokalin manja ko man gyaɗa. Manja da muke rainawa yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido da garkuwar jiki. Haka gwanda da mangwaro da kabewa da karas. Ganye kuma ga ugu ga alayyafo ga lalo, wanda a ƙasar Yarabawa ake ce wa ewedu, ga zogale da ake kawowa daga gida.

Garin nan da ake kira Tom Brown, wanda malaman asibiti a nan kudu suke yawan koya wa mata, ba wani abu ba ne illa hatsi da waken soya da gyaɗa, a soya kowanne daban, a haɗa a niƙa, hatsin ya fi yawa. Da gero ko dawa ma yana yi, kuma kusan ɗan uwan kunun gyaɗarmu ne. Abu biyu za a kiyaye. A tsince gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna ko suka canza kala a zubar, domin suna ɗauke da guba mai cutar da hanta. Sannan kada a niƙa mai yawa, danshin kudu yana lalata gari da wuri. A yi na sati biyu, a rufe a roba mai murfi.

Maganar cewa yaron da aka ba ƙwai zai yi sata, wannan zance ne kawai. Ƙwai ɗaya yana cikin abinci mafi amfani da za ka saya wa ɗanka da kuɗi kaɗan. A dai dafa shi ya dahu sosai. Idan an ba yaro sabon abu kamar ƙwai ko gyaɗa ko kifi aka ga jikinsa ya yi ƙuraje ko fuska ta kumbura, a dakata a kai shi asibiti.

Hanta da nonon shanu

Jariri yana zuwa duniya da ajiyar sinadarin ƙarfe mai gina jini a jikinsa, amma wajen wata 6 ajiyar ta fara ƙarewa, nono kuma ba ya da shi da yawa. Shi ya sa ake ganin yara da yawa da ƙarancin jini a wannan tsakanin, tafin hannu da cikin ido sun yi fari, ga kasala. Abin da ya fi maganin wannan shi ne nama da hanta da kifi. Abin mamaki, mu ne masu kawo shanun da kudu take ci, 'yan uwanmu ne a kwata tun daga Oko-Oba har Fatakwal, amma a gidajenmu da yawa yaro sai ya yi haƙora sannan a ce ya isa cin nama. Ba sai ya yi haƙori ba. Ɗan yankin hanta kamar girman akwatin ashana, a dafa ya dahu, a murƙushe a cikin fate ko dankali, sau ɗaya a sati ya wadatar. Kada a mayar da ita ta kullum, don bitamin A da ke cikinta yana da yawa ƙwarai. Sauran ranakun a yi da nama da aka daka ko kifi ko ƙwai.

Nonon shanu kuwa, na san yadda muke ji da shi. Amma ba ya maye gurbin nonon uwa ga yaron da bai shekara ba, kuma ba shi da sinadarin ƙarfen kirki. Ana iya sa ɗan kindirmo mai tsafta a cikin kunu ko fura mai laushi. Idan ya shekara zai iya shan madara a kofi. Sharaɗin shi ne a tafasa. Ɗanyen nono da ba a dafa ba yana iya ɗauko cutar bakkale da tarin fuka daga saniya zuwa mutum, duk wanda ya yi hulɗa da shanu ya san waɗannan cututtuka.

Abubuwan da za a nisanta da yaro: zuma kafin ya cika shekara 1, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Shayi, saboda yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Lemon kwalba da alewa da biskit, masu kashe masa sha'awar abinci. Gishiri da dunƙulen miya da yaji masu yawa, gara a ɗebar masa nasa kafin a zuba. Sai abubuwan da ke sarƙe yaro, kamar gyaɗa guda-guda da gugguru da aya da tsokar nama mai tauri. Kuma don Allah a bar ɗura. Kwantar da yaro a cinya a toshe masa hanci a zuba masa koko yana iya tura kunun cikin huhu, an rasa yara ta wannan hanya. A zaunar da shi, a ba shi da haƙuri. Sabon abinci wani lokaci sai an gwada sau da yawa a ranaku daban-daban kafin yaro ya karɓa.

Yadda ake rage nonon, mataki-mataki

Idan yaro ya kusa shekara 2, yana cin abinci sau 3 ko 4 da kyau, awonsa a asibiti yana hawa, to sai a fara janye nonon. Ki ƙirga sau nawa yake sha a yini da dare. A ce sau 5 ne. Ki cire guda ɗaya kawai, wanda bai damu da shi sosai ba, yawanci na tsakar rana. A daidai lokacin ki ba shi abinci ko madara a kofi, ko yayarsa ta fita da shi wasa. Ki tsaya a haka kwana 4 zuwa sati ɗaya, har shi da jikinki su saba. Sannan ki cire na biyu. A haka cikin wata ɗaya ko biyu za a zo ga na ƙarshe.

Dabarar da ke aiki ita ce ki daina miƙa masa da kanki, amma idan ya nema da gaske kada ki yi masa tsawa. Ki rage tsawon shan. Ki canza wurin zaman da ya saba samunki a ciki, ki sa rigar da ba zai iya kai hannu cikin sauƙi ba. Yaro ɗan wata 20 yana jin magana fiye da yadda muke zato, ana iya ce masa sai dare, kuma ya gane. Goyo da runguma kada su ragu, su ma ƙaru, domin rabin abin da yake nema a nono ɗumin uwarsa ne.

Na dare da na kwanciya barci su ne na ƙarshe, kuma su ne masu wuya. A nan zaman ɗaki ɗaya da muke yi a kudu yana takura mata. Yaro ya fara kuka ƙarfe biyun dare, maƙwabta bango ɗaya, maigida zai fita kasuwa da asuba, sai uwa ta ba shi nono don a samu lafiya, ko kuma ta gaji ta ce gara a tura shi gida kawai. Abin da ke taimakawa shi ne ya ci abinci mai nauyi kafin barci, a ajiye ruwa mai tsafta a kofi kusa, kuma uban ya karɓe shi ya jijjiga. A hannun uba ba ya jin ƙanshin nono, ya fi saurin haƙura. Dare uku ko huɗu ne masu zafi, daga nan sai a ga sauƙi.

Yaron da aka gama yayewa kafin ya kai shekara 2 yana buƙatar madara kofi 1 zuwa 2 a rana, da ƙarin ci sau 1 ko 2 a kan na da. Madarar ta zama ta gaskiya, ba mai kaurin nan mai zaƙi ta masu shayi ba.

A duba lokaci kuma. Ba a fara yaye yaro yana zazzaɓi ko zawo ko ƙyanda, ko bai daɗe da tashi daga ciwo ba, ko ana shirin tafiya ko tashi daga gida. Haka idan ana fama da amai da gudawa a gari, kamar yadda kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, wannan lokacin riƙe nono ne da kyau. Idan an fara ragewa sai ciwo ya zo, a koma a ba shi, babu abin kunya a ciki. Yaron da ya ƙi komai yana ciwo, sau da yawa nono kaɗai yake karɓa.

Lafiyar uwa

Jikin mace yana yin nono ne gwargwadon yadda ake sha. Idan aka rage a hankali, shi ma yana raguwa da kansa ba wahala. Idan aka tsayar rana ɗaya, nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, ga zafi ga zazzaɓi, wani lokaci har ya yi ƙurji a kai ga tsagawa a asibiti. Idan ya cika yana ciwo, ki tatsa kaɗan don ki samu sauƙi, kada ki tatse duka, don zai sake kawowa. Ki ɗora tsumma mai sanyi. Kada a ɗaure ƙirji tamau da zane. Idan wani gefe ya yi ja ya yi zafi, ga zazzaɓi da rawar sanyi, a tafi asibiti a ranar.

Sai maganar ciki. Shayarwa tana hana ɗaukar ciki ne kawai idan abu uku sun haɗu: yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, kuma al'ada ba ta dawo ba. Da zarar an fara abinci, wannan kariya ta tafi. Mata da miji su yi shawara tun da wuri kan tazarar da suke so, su nemi bayani a asibiti.

Idan kuma kwanika ta faru, ga goyo ga ciki, abin da aka saba shi ne a cire yaro a ranar da aka gane, wai nonon ciki guba ne. Nonon mai ciki ba ya zama guba. Yana iya raguwa, ɗanɗanonsa ya canza, amma ba ya sa zawo. Abin da ke kayar da yaran kwanika shi ne cirewar gaggawa tun suna wata 8 ko 10, ba tare da abincin da zai riƙe su ba. Mai cikin da take lafiya za ta iya ci gaba da shayarwa tana ragewa a hankali, ta ƙara cin abinci sosai. Wadda take zubar jini, ko ciwon mara, ko ta taɓa yin ɓari ko haihuwar bakwaini, ita ce za ta fara jin ta bakin likita.

Wasu kuma suna gaggauta yaye don azumi ya matso. Shari'a ta yi wa mai shayarwa sauƙi idan tana tsoron cutuwar ɗanta, ta sha ta rama daga baya. A tambayi malamin unguwa yadda hukuncin yake dalla-dalla, kada a yaye ɗan wata 10 saboda Ramadan.

Alamomin da ba a jira da su

A riƙa kai yaro awo, ko ba ya ciwo. A asibitocin sha-ka-tafi na gwamnati ana auna nauyi, ana ba da bitamin A daga wata 6, ana yin allurar ƙyanda da shawara a wata 9. Akwai wani ɗan tef mai kala uku da ake zagaya wa a damtsen yaro. Kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa, wato ƙasa da santimita 11.5, tamowa ce mai tsanani da ke buƙatar magani nan take. Idan rashin jin Yarabanci ko Turanci ne yake hana matarka zuwa, ka raka ta ko ka haɗa ta da wadda take ji. Kada harshe ya sa a zauna da yaro a ɗaki.

A garzaya asibiti idan ƙafafunsa biyu sun kumbura, ko ya ƙi ci ya ƙi sha gaba ɗaya, ko yana amai da duk abin da ya shiga cikinsa, ko ido ya faɗa, ko akwai jini a bayan gidansa, ko numfashi yana sauri, ko ya yi laushi ba ya kula kowa. Idan zawo ne, a fara ba shi ruwan gishiri da sukari na leda, wato ORS, tun a gida, da ƙwayar zink ta kwana 10 zuwa 14, a ci gaba da nono da abinci. Fitowar haƙori tana sa yaro rigima da dalalar miyau, amma zawo mai ƙarfi daga ƙazanta yake zuwa, daga hannu da ruwa da kwano da abin da ya tsinta a ƙasa. Wanke hannu da sabulu kafin a ba shi abinci, da tafasa ruwan shansa, da ƙin ba shi kunun da ya wuni a buɗe, sun fi kowane dauri.

Gare mu maza

Na bar wannan a ƙarshe don mu ne muka fi zamewa. Da yawanmu muna ganin yaye harkar mata ce, namu kawai mu ce lokaci ya yi. Amma ayar da na ambata da farko da uba ta yi maganar shawara, kuma a kansa ta ɗora ciyarwa. Mutum zai zauna teburin mai shayi a soya masa ƙwai uku da Indomie, a gida kuwa ɗansa ɗan wata 15 tun safe koko tsararo yake sha. Kuɗin ƙwai ɗaya daga cikin ukun nan, ko ɗan yankin hanta da za ka karɓo wurin abokinka mahauci a kan hanyar komawa gida, shi ne bambancin yaron da zai wuce yaye da ƙarfinsa da wanda za a kwana da shi a asibiti. Gwangwanin Cerelac ba dole ba ne, wanda ba shi da hali kada ya ji ya gaza. Gero da gyaɗa da wake da manja da kifi, idan aka haɗa su da kyau, sun isa.

Kafin a sa ranar yaye, ku zauna kai da ita ku duba abu uku: yaron yana cin abinci sau 3 ko 4 da kansa? Awonsa yana hawa? Lafiyarsa ƙalau a wannan watan? Idan duka e ne, a fara ragewa ɗaya bayan ɗaya. Idan akwai a'a ko guda, a ƙara masa lokaci. Idan Hajiya ta bugo waya daga gida tana cewa a kawo mata shi ta yaye, a ba ta haƙuri cikin ladabi, a ce za a kawo shi da zarar ya gama sabawa da tuwo.

Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba su lafiya da albarka, Ya sa mu fita haƙƙinsu. Amin.